Zakin Da Ya Fara Da Zarto: Waiwaye Kan Tarihin Kamfanin Peugeot

Da wuya a sami mutumin ƙasar nan da ya haura shekara talatin bai taɓa shiga Fijo ba. Wani ita ta kai shi makarantar kwana, wani a bayan a-kori-kura ya kai hatsinsa kasuwa, wani kuma da ita aka ɗauko masa amarya. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar ma'anar zakin da ke manne a goshin motar. Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne ƙarfi da sarauta, irin na manyan dawa. To amma waɗanda suka sa aka zana zakin ba su da mota a ransu, domin a lokacin babu motar fetur ko ɗaya a doron ƙasa. Zarto suke yi wa talla. A shekarar 1847 aka ba wani maƙerin zinariya na garin Montbéliard, mai suna Justin Blazer, aikin zana tambarin, aka kuma yi masa rajista a 1858. Haƙoran zarton su ne haƙoran zaki, yadda ruwan zarton ke lanƙwasa bai karye ba shi ne gadon bayan zaki, saurin yankansa kuwa shi ne zaburar zaki idan ya hango nama.

Wannan ɗan labari na tambari ya ƙunshi abin da nake so mai karatu ya riƙe. Kamfanin Peugeot ya shafe shekara tamanin yana sarrafa ƙarfe kafin ya ƙera motar fetur ta farko. Mota a wurinsa 'yar auta ce, wadda ta tarar da yayyenta sun share mata hanya. Mu kuwa da aka buɗe mana masana'antar Kaduna a 1975, autar kaɗai aka kawo mana riƙo, aka bar sauran dangin a gida.

Yankin Montbéliard yana gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan, a gindin duwatsun Jura. Wuri ne mai sanyi da dazuzzuka da ƙoramu masu gudu. Har zuwa 1793 ma ba a ƙarƙashin Faransa yake ba, sarakunan Württemberg na Jamus ke mulkinsa, shi ya sa mutanensa suka kasance Kiristoci 'yan Furotesta a cikin ƙasar da Katolika suka fi yawa. Al'umma ce ƙarama mai riƙe junanta, mai auratayya a tsakaninta, mai ba karatu muhimmanci. Da yake hunturunsu yana da tsawo, noma ba ya yiwuwa wata da watanni, manoman yankin sun saba da aikin hannu a cikin ɗaka, musamman haɗa agogo. A garin Beaucourt da ke kusa, gidan Japy ya riga ya shahara da ƙera kayan cikin agogo da injuna. Ke nan kafin a ji sunan Peugeot a harkar ƙarfe, akwai hannayen da suka san awo, suka san bambancin da kaurin silin gashi ke haifarwa a cikin na'ura.

A shekarar 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da gidan niƙan hatsi na gadonsu, wanda ruwan ƙorama ke juyawa a Hérimoncourt, ya koma maƙera. Abin da suka ƙware a kai shi ne murza ƙarfe ya zama falle siriri kamar zirin fata, sannan a hore shi. Duk maƙerin da ya taɓa ƙera lauje ko wuƙa ya san inda gizo ke saƙar: idan aka gasa ƙarfe aka tsoma shi a ruwa yakan yi tauri, amma taurin da ya wuce kima karyewa yake jawowa, idan kuma aka sassauta da yawa sai ya lanƙwashe ya ƙi komawa daidai. Samun tsakiyar nan, kullum, a kan falle dubu ba tare da ɗaya ya saɓa wa ɗan'uwansa ba, shi ne ilimin da gidan ya gina arzikinsa a kai. Da wannan falle suka yi ruwan zarto, suka yi sifirin ɗin agogo suna sayar wa maƙwabtansu.

Daga nan sai suka riƙa bin kasuwa duk inda ta nufa. A 1840 suka fito da injin hannu na niƙa kofi, a 1874 na niƙa masoro. A tsakiyar ƙarnin kuma aka shiga yayin wani irin buje na matan Turai, wanda ake sa masa zobban ƙarfe daga ciki don ya buɗe kamar akurki. Abin dariya ne a ido, amma kowane buje yana cin ƙarfe siriri mai yawa, wanda zai lanƙwasa idan mace ta zauna ya kuma miƙe idan ta tashi, wato ainihin abin da Peugeot ya iya. Suka ci kasuwar son ransu. Da yayin ya wuce, kamar yadda kowane yayi ke wucewa, injunan ba su zauna banza ba: aka juya su ga ƙarafan lema, da kayan aikin kafinta, da siraran wayoyin da ke riƙe ƙafar keke.

Keken ne gadar da ta kai su ga mota, kuma mutumin da ya haye gadar shi ne Armand Peugeot, jikan Jean-Pierre, wanda aka haifa a 1849. Ya yi zama a Ingila yana saurayi, ya ga yadda Turawan Ingila suka rungumi keke, ya dawo da ƙudurin yin nasa. A 1882 kamfanin ya fitar da keken nan mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, wanda hawansa ma sai mai ƙarfin hali, daga baya kuma ya koma irin keken da muka sani, mai ƙafafu daidai da sarƙa. Yana da kyau a tsaya a nan, domin masu ba da labarin mota sukan tsallake keke da gaggawa. Masana'antar da ke ƙera keke dubbai dole ta iya yin bututun ƙarfe marar nauyi mai ƙarfi, da sarƙa, da boris, da birki, da ƙafa mai wayoyi wadda ba ta karkata. Dole kuma ta sami dillalai a garuruwa da masu gyara da kayan gyara. Idan mutum ya dubi hoton motocin Peugeot na farko, abin da zai gani kekuna biyu ne aka jera aka ɗora musu kujera da inji.

Gwajin farko bai yi armashi ba. A babban baje-kolin duniya na birnin Faris a 1889, wanda aka gina hasumiyar Eiffel dominsa, Armand ya nuna wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, wadda ya yi tare da Léon Serpollet. Guda huɗu kacal aka yi. Tukunyar ruwan tana da nauyi, kuma sai an hura wuta an jira kafin a tashi. Amma a wannan baje-koli ne aka nuna ƙaramin injin fetur na Bajamushe Gottlieb Daimler. Izinin ƙera injin a Faransa yana hannun wata bazawara, Louise Sarazin, wadda mijinta ya rasu yana wakilin Daimler, ita kuma ta auri injiniya Émile Levassor na kamfanin Panhard et Levassor a 1890. Ta hannun Levassor ne Armand ya riƙa samun injunan, ya ɗora a kan ƙirarsa, a shekarar 1890 motar fetur ta farko mai sunan Peugeot ta taka ƙasa.

A lura da wannan da kyau. Shekara ashirin kacal bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi ta ƙwace mata yankin Alsace, wanda ke maƙwabtaka da garinsu, Armand bai ji kunyar sa zuciyar Bajamushe a ƙirjin motarsa ba. Aron fasaha ba abin kunya ba ne, kusan kowa da shi ya fara. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana aro. Armand shekara shida ya yi. Zuwa 1896 ya daina sayen injin Daimler, yana ƙera nasa.

Kafin nan sai da ya shawo kan jama'ar da ke ganin mota wasan yara ce ta masu kuɗi. A 1891, da aka shirya tseren keke daga Faris zuwa Brest da dawowa, ya tura ma'aikatansa biyu, Rigoulot da Doriot, su bi 'yan tseren da mota. Daga masana'antar Valentigney suka taso, suka je suka dawo, tafiyar sama da kilomita 2,000, a kan hanyoyin da aka yi domin dawaki, a zamanin da babu gidan mai ko ɗaya, sai dai a aika da man gaba a ajiye musu a garuruwa. Gudun bai kai na mai keke mai ƙwazo ba, amma motar ta dawo da ƙafafunta. A 1894 jaridar Le Petit Journal ta shirya gasa daga Faris zuwa Rouen, kilomita 126. Motar tururi ta De Dion ce ta riga kowa isa, sai alƙalai suka hana ta kambun saboda sai da mai zuba mata gawayi take tafiya, aka raba kyautar farko tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor. A shekara mai bi, a tseren Faris zuwa Bordeaux da dawowa, Levassor ne ya fara isowa bayan ya kwana biyu yana tuƙi kusan ba barci, amma motarsa mai kujera biyu ce alhali ƙa'ida ta ce huɗu, kyautar ta sake faɗawa hannun Peugeot. A wannan tseren ne kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin suka gwada taya mai iska a kan wata mota mai ƙashin Peugeot. Faci suka yi ta yi har suka gaji, amma daga ranar aka san inda taya ta dosa.

Duk wannan suna bai gamsar da 'yan gida ba. Eugène Peugeot, ɗan baffan Armand kuma abokin tafiyar da kamfanin, yana ganin mota rami ce da za ta haɗiye ribar zarto da keke. Masu rubuta tarihi sukan mayar da shi abin dariya, wai ga mutumin da bai hango gaba ba. Ni ban ga laifinsa sosai ba. A 1892 motoci 29 kamfanin ya ƙera a shekara guda, ga ma'aikata masu yawa da abincinsu ya dogara da kayan da kasuwarsu ta tabbata. Ɗaruruwan kamfanonin mota da aka kafa a Faransa a wancan zamani, yau ko sunansu ba a tunawa. Wanda aka ba amanar dukiyar dangi yana da hujjar yin taka-tsantsan. Rigima ta yi tsami har aka raba gari a 1896: Armand ya fita ya kafa kamfaninsa na mota, ya gina masana'anta a Audincourt, Eugène ya riƙe kayan aiki da kekuna da tambarin zaki. Zuwa 1899 Armand yana ƙera motoci wajen 300 a shekara. Abin ya juya har 'ya'yan Eugène da kansu suka shiga yin ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot, suna biyan baffansu kuɗin izini. Shi kuma Armand, da tsufa ya zo ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi, sai aka yi sulhu, kamfanonin biyu suka haɗe a 1910. Bayan shekara biyu aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin har yau. Armand ya rasu a 1915. Wani abin lura shi ne, rabuwar nan ta yi wa gidan rana ba tare da an shirya ba: ɓangare ɗaya ya yi kasada, ɗayan ya tsare tushe, da aka haɗe aka sami duka biyun.

Akwai wani babi da nake jin daɗin karanta wa ɗalibai, ko da yake mu ma'abota digiri ba mu fito da kyau a cikinsa ba. Wajen 1911 wasu direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, suka nemi a bar su su ƙera motar tsere da kansu, tare da wani matashin mai zane ɗan Suwizalan, Ernest Henry. Injiniyoyin kamfanin masu takardun manyan makarantu suka laƙaba musu suna mai ma'anar 'yan bogi, masu da'awar sanin abin da ba su sani ba. 'Yan bogin nan suka fito da inji mai bawul huɗu a kowace silinda, da sanduna biyu a samansa masu buɗe bawulolin, abin da ya sa ƙaramin inji ya riƙa shaƙar iska da fitar da hayaƙi da sauri har ya fi waɗanda suka ninka shi girma. Boillot ya ci babbar gasar Faransa da shi a 1912, Goux ya tsallaka Amurka ya ci tseren Indianapolis a 1913, motocin Peugeot suka sake cin wannan tsere a 1916 da 1919. Tsarin da suka fito da shi shi ne a cikin akasarin motocin da ke kan titi a yau.

Lambobin da muka saba da su sun fara ne a 1929 da mota ƙirar 201. Kamfanin ya kare tsarin lamba uku mai sifiri a tsakiya, har ta kai a 1964 ya tilasta wa Porsche sauya sunan sabuwar motarsa daga 901 zuwa 911. Yaƙin Duniya na Biyu ya jefa Sochaux hannun Jamusawa, aka sa ta yi musu kayan yaƙi. A watan Yulin 1943 jiragen Ingila suka zo rushe masana'antar, bama-baman suka kauce suka faɗa kan gidajen jama'a, aka kashe fiye da mutum ɗari. Bayan haka ne wani jami'in asirin Ingila, Harry Rée, ya shawo kan Rodolphe Peugeot cewa gara ma'aikata su lalata injunan daga ciki da a sake yin ruwan wuta a kan gari, aka kuwa yi hakan. Kada kuma a ɗauka gidan na waliyyai ne. Kamfanin ya mallaki kusan komai a yankin, daga gidajen ma'aikata da kantuna har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sochaux da ya kafa a 1928, irin riƙon da ke ciyar da mutum ya kuma hana shi ɗaga murya. A yajin aikin watan Yunin 1968 ma'aikata biyu suka rasa rayukansu a arangama da 'yan sanda a bakin masana'antar.

A wannan shekara ta 1968 aka fito da 504, magajiyar 404 ta 1960. Su biyun ne suka yi wa kamfanin suna a Afirka, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Ƙafafun baya ke tura su, suna da tsayi daga ƙasa, sifirin da shokozobansu suna da dogon numfashi a kan gargada, kuma kamfanin da kansa yake ƙera shokozobansa maimakon ya saya a waje, gadon gidan da ya san sifirin tun zamanin agogo. Injin kuwa ba shi da wani surkulle, bakanike a gindin bishiya zai sauke shi ya mayar. Ƙirar 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita ma 504 ta ci a 1975 da 1978.

Ta haka zakin ya iso Kakuri. An yi wa kamfanin Peugeot na Najeriya rajista a 1972, haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Tarayya da uwar kamfanin ta Faransa, aikin harhaɗa motoci kuma ya fara a 1975, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Ba shi kaɗai ba ne a tsarin. An kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Kuɗin mai ya shigo, buri ya yi yawa, kuma burin ba na banza ba ne: a fara da harhaɗawa, a riƙa ƙara kayan gida shekara bayan shekara, har a wayi gari motar ta zama tamu. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci ta mayar da 504 motar jami'an gwamnati, kasuwa ta buɗe sosai. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi yakan karɓi bashin mota ya je ya ɗauko sabuwa dal da ledarta.

Sai dai akwai wani abu a farkon tafiyar da ya isa ya zama gargaɗi. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, kaya sukan yi watanni ba a sauke ba. Mafitar da aka samu ita ce a riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. A lokacin an ɗauki abin a matsayin bajinta, kuma ta wata fuskar bajintar ce. Amma ma'anarsa ita ce masana'antar Kakuri reshe ce da saiwarta ke wata nahiya, tana shan ruwa ta sararin sama. Adalci ne a faɗi cewa an yi ƙoƙari: an sami kamfanonin gida da ke kai kujeru da batir da taya da fenti da gilashi, an kuma horar da dubban ma'aikata waɗanda har yau ana cin moriyar hannunsu a garejin Kaduna da Kano. To amma inji da giya da fallayen jikin mota, wato inda kuɗin da ilimin suke, daga Faransa suke zuwa. Ƙarfen da ya kamata ya maye gurbinsu bai samu ba. An ba Tarayyar Sobiyat kwangilar Ajaokuta a 1979, har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba, kuma ko da ta tashi, matakinta na farko na dogayen ƙarafa ne irin na gini. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo su ma rodi da waya aka tsara su yi. Fallen ƙarfe, wanda gidan Peugeot ya fara da shi a 1810, babu wanda ke yi wa motar Kaduna shi.

Saboda haka da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta ƙuntata shigo da kaya a 1982, sannan aka karya darajar Naira a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, masana'antar ba ta da inda za ta fake. Kowane kusa da dala ko kuɗin Faransa ake sayensa. Motar da malamin makaranta ke saya da bashin ofis ta fi ƙarfin babban sakatare. Jama'a suka koma ga 'yan Kwatano, gwamnatin da ta kafa kamfanin ita ma ta koma hawa motocin Japan. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi. Tsakanin 2007 da 2008 kuma Michelin da Dunlop, waɗanda ƙasar ta dogara da su wajen taya, suka daina aiki.

Wani zai ce, to Malam, sai mu jira shekara tamanin muna ƙera zarto? A'a. Koriya ta Kudu ta nuna cewa ana iya taƙaita tafiyar. Kamfanin Hyundai shi ma da harhaɗawa ya fara, yana haɗa motar Cortina ta kamfanin Ford tun 1968. A 1975, shekarar da aka buɗe Kakuri, ya fito da motarsa ta kansa mai suna Pony, wadda Bataliye ya zana jikinta, injinta kuma na Mitsubishi ne na Japan. Aro ne a kan aro, kamar na Armand. Bambancin shi ne tun 1973 masana'antar ƙarfe ta Pohang ta fara aiki, gwamnati kuma ta ɗaure wa kamfanonin mota wuya da wa'adin ƙara kayan gida, ta hana su sakat sai sun fita sun sayar a kasuwar duniya inda babu mai yi musu alfarma. Sun gajarce matakan, amma ba su tsallake ko ɗaya ba.

A cikin gida ma, wurin da tafiyarsa ta fi kama da ta kwarin Montbéliard ba inda gwamnati ta zuba kuɗi ba ne. Garin Nnewi ne a Jihar Anambra, inda 'yan kasuwa suka fara da sayar da kayan gyaran babur da mota, suka koma ƙera wasu daga cikin kayan, sannan aka kai ga kamfanin Innoson mai harhaɗa motoci. Ana iya yin muhawara kan yawan kayan gida da ke cikin motocinsa, amma tsarin hawan daga ƙasa ya taso. A Kaduna kuwa, tafiyar 'yan mintoci daga Kakuri, ga kasuwar Panteka, inda ake narka ƙarfe a zuba, a ƙera injin niƙa da na casar hatsi da sassan da suka ɓace a kasuwa, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya raba su da maƙeran Hérimoncourt shi ne wutar lantarki mai ɗorewa, da ƙarfe mai inganci iri ɗaya, da na'urar awo, da babban mai saye da zai ce ina son guda dubu goma, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Shekara hamsin masana'antar mota tana maƙwabtaka da su, jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna yaye injiniyoyi a kusa da su, amma ɓangarorin uku kowa harkar gabansa yake yi.

Ita ma uwar kamfanin ba ta tsira daga jarrabawa ba. Ta karɓe Citroën a 1976, ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, haɗiyar da ta kusa shaƙe ta, sai ƙaramar motar nan 205 ta 1983 ce ta fitar da ita kunya. Sochaux da ta taɓa ɗaukar ma'aikata kusan 40,000 a ƙarshen shekarun 1970 yanzu ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba ta da shi. A 2014 asara ta tilasta wa dangin Peugeot sakin ragamar da suka riƙe fiye da shekara ɗari biyu, gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka shigo, kowanne da kaso daidai da na dangin, wajen 14 cikin ɗari. A watan Janairun 2021 aka haɗe da Fiat Chrysler aka kafa Stellantis, inda Peugeot ya zama suna ɗaya cikin sunaye goma sha huɗu.

Da wannan sabon gida ne kamfanin Dangote da wasu gwamnatocin jihohin Arewa suka ƙulla yarjejeniya, aka soma harhaɗa motocin Peugeot a wata sabuwar masana'anta a Kaduna a 2022. Abin maraba ne, ko don ayyukan yi. Amma tun da akwai kuɗin jama'a a ciki, kuma ana ba masu harhaɗawa rangwamen harajin kwastan da sunan raya masana'antu, haƙƙin 'yan majalisun jihohin da hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ne su nemi a riƙa wallafa jerin sassan da aka yi a gida duk shekara, da sunan masana'antar da ta yi kowanne, da garin da take, da kuma sashen da aka yi alkawarin ƙarawa a shekara mai zuwa. Yawan motocin da suka fito daga ƙofa, wanda shi ake sanarwa a bikin yanke kyalle, an taɓa samunsa da yawa a Kakuri a 1980.